Littafin da Aka Rataye a Rumfar Dankali

Brussels, Satumba 1998

Yaya Solange,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da Mama. Sauran gaisuwar sai mun haɗu, domin ɗoki ya hana ni sakat.

Zauna tukuna. Kin zauna? To, tsuntsu ne ya faɗo daga sama gasasshe!

Kin tuna littafin zanen nan, Baptistin da Jirgin Kwal, wanda Baba ya huda kusurwarsa ya rataye a jikin kantar rumfarmu don masu jiran soyayyen dankali su riƙa karantawa? Wanda na ɗauko a ɗakin ajiyar Mama lokacin bikin Ista? Ranar Lahadi ina tonon jaridu a kasuwar tsofaffin kaya, sai ga hoto a wata jaridar 1961. Rumfarmu ce, Yaya! Ga Baba riƙe da matsami. Wa kike zaton yake tsaye gaban kanta, littafin a hannunsa, yana dariya? Aubin Tordeur, shi kansa wanda ya zana shi! Mutumin da duk rayuwarsa ya guji mai ɗaukar hoto, kuma bai taɓa sa wa kowa hannu a littafi ba.

Na ruga wurin Madam Verhaegen ta gidan gwanjo. Da fari ta ɗaga littafin da yatsu biyu kamar mataccen ɓera. Ga huda, ga maiƙo, ta ce irinsa ko kofin shayi ba zai saya ba. Sai na shimfiɗa mata jaridar. Yaya, sai da ta sauya tabarau! Ta ce in dai shi ne na hoton, zai sayi mota sabuwa dal. A harkarmu ba takarda kaɗai ake saya ba, har da hannun da ta bi.

Ki gaya wa Mama ina son ta sa hannu a takardar shaida, layi biyu kawai. Littafin yana nan lafiya, tun a teburin Mama na raba shi da tarkacensa na sa shi a leda. Na riga na ba 'yan ƙungiyarmu ta masu tara littattafai labari. Lemaire, mai taƙamar ya fi kowa kaya, har ƙwarewa ya yi da giyarsa.

Ƙaninki da ya kusa yin mota,
Gauthier

Charleroi, Satumba 1998

Gauthier autan Mama,

Wasiƙarka ta iso, muna lafiya, ina fatan kai ma haka, ban da zazzaɓin da na gani a rubutunka. Na zauna kamar yadda ka ce. Na karanta, na tashi, ban ga abin da ya canza ba.

Ni dai wannan ciniki naku ya fi ƙarfina. Labarin da ke cikin naka shi ne a cikin wanda ake sayarwa a tashar jirgin ƙasa. Baptistin bai ƙara ko taku ɗaya ba don Tordeur ya taɓa shi. In taɓawa ce, ai ya taɓa kwalbar gishirinmu, ya goge hannu da labule. Mu kwashe su duka mu kai wa Madam ɗinka?

Na karanta wa Mama tana ferayar dankali. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Dogon nan mai hula? Wanda ke zuba mayonis har dankalin ya nutse? Hannun mutum ai hannu ne kamar na kowa. Nasa dai ya fi na kowa maiƙo."

Can ta ce, "Wanne daga ciki yake nufi?"

Na ce, "Wanne kamar yaya, Mama?"

Ta ce, "Uku aka rataye a ƙusar nan, ɗaya bayan ɗaya. Duk littafi ɗaya, duk da huda a wuri ɗaya."

Daga nan ta ce dankalinta zai yi baƙi, in bar ta da maganar takarda.

Ka ji. Biyu sun bi shara, ɗaya yana hannunka, kuma ni ban san ko wanne ba ne. Kai kuma ka riga ka cika wa Lemaire baki. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, amma kai tun kana ƙarami ba ka iya jira dankali ya huce.

Ka gaishe da motarka.

Yayarka,
Solange

Brussels, Oktoba 1998

Yaya,

Ina gaisuwa. Uku? UKU? Ana wata ga wata!

Madam Verhaegen ta riga ta ware wa littafin shafi guda a kundin gwanjon Nuwamba. Ban iya ɓoye mata ba, na faɗa, sai ta mayar da tsohon tabaraunta. Lemaire kuwa ya fara gaishe ni da wani irin murmushi da ba na so.

Batun kwalbar gishiri, ki yi dariyarki. Da akwai hotonta a hannunsa, wallahi da na sayar. Me ya sa mutane ke cika mota su tafi Waterloo su tsaya suna kallon filin da aka taɓa gwabza yaƙi? Ciyawa ce irin ta bayan gidanki. Abin da ya faru a kanta suke biya su gani.

Ga hoton nan na sa an ƙara masa girma. Ki ajiye shi gaban Mama, ki ba ta tabarau, ki kashe rediyo. Ko yagewar gefe ce, ko ɗigon mai, ta tuna mini wani abu. Ina roƙonki, Yaya. In abin nan ya tabbata, ke za ki fara zama a gaban mota.

Naki,
Gauthier

Charleroi, Oktoba 1998

Gauthier,

Gaisuwa a gurguje, yau ni ce ɗoki ya hana sakat. Ka shafa mini ciwonka!

Na ajiye mata hoton bayan an dawo daga coci. Ta daɗe tana kallo. Na nuna mata Tordeur, ta ture yatsana. Ba shi take kallo ba, ba kuma littafin ba. Kirtanin da aka rataye shi da shi take kallo, daidai inda aka ƙulla.

Ta ce, "Firmin ke nan. Ko bakin buhu zai ɗaure, sai ya ɗaure shi kamar zai tsayar da jirgi."

Na ce, "Mama, me kika gani?"

Ta ce, "Ƙullin 'yan jirgi mana. Kin manta ubanku a kogin Sambre ya girma, yana dakon kwal, kafin ya kama suyar dankali? Ni ban taɓa iya shi ba. Ya koya mini har ya gaji, ya ce hannuna na miya ne."

Gauthier, ka gane? Baba ya rasu a hunturun da ya biyo bayan hoton nan. Na farkon kaɗai ya ƙulla. Sauran biyun Mama ce ta ɗaure su, ɗaurin igiyar takalmi. Na yi ihu har maigidana ya leƙo da cokali a baki yana tambayar wa ya mutu.

Mama dai tana faɗa ta rufe bakinta, kamar wadda maganar ta suɓuce mata. Ta kife hoton ta shiga ɗaki. Na ga idonta ya kawo ruwa, na ƙyale ta. Ni ma na manta hannun Baba sarai sai da na ga ƙullin nan.

Maza buɗe ledarka ka duba kirtanin. In ƙulli ne mai zobe, mai naɗi kamar maciji, ka ci gari. Ina son kujerar gaba, kuma ja nake son motar.

Yayarka da ta tuba,
Solange

Brussels, Oktoba 1998

Yaya,

Shi ne! Wallahi shi ne! Ƙulli mai zobe, baƙi ƙirin da maiƙo, mai tauri kamar dutse. Na tuna shi sarai, domin na yi da farce ya ƙi, na yi da haƙori ya ƙi.

Shi ya sa na ɗauki almakashin Mama na yanke shi.

Kada ki ce komai, na faɗa wa kaina duk abin da za ki faɗa. Littafin ba ya shiga leda da kirtani, kuma a wurinmu duk abin da ba daga maɗaba'a ya fito ba datti ne. Da hannuna na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa. Na ture kirtanin gefen tebur tare da ɓawon dankali, ban sake waiwayarsa ba.

Amma ba a rasa ba tukuna! Madam ta ce guntun zaren da ya maƙale a cikin hudar yana nan. In aka kawo kirtanin, bakin yankan ya yi daidai, ƙullin ya yi daidai da na hoto, babu mai musu. Za a sa su cikin gilashi ɗaya a sayar tare. In babu shi, tunda an san uku ne, sa hannun Mama kaɗai keke zai saya, ba mota ba.

Mama ba ta yar da komai, kin sani. Matar da ke wanke leda ta shanya! Ki duba aljihun teburin kicin, gwangwanin maɓallai, kwandon ɗinki, ko'ina. Ranar Juma'a ake rufe kundin.

Ƙaninki marar wayo,
Gauthier

Charleroi, Laraba

Gauthier,

Muna lafiya, ban da bayana. Na zazzage kicin kaf. Na samu murafen kwalba cike da jaka, da makullan gidan da aka rushe tun muna yara. Babu kirtani.

Mama tana zaune tana kallona, ba ta taya ni ba, ba ta hana ni ba. Da na kai ga kwandon ɗinki sai ta ce, "Solange, bar wahalar da kanki. Miƙo mini takarda da biro."

Ga abin da ta rubuta, a rufe ta ba ni. Ban karanta ba.

Solange

Ɗana Gauthier,

Ina gaishe ka, ina yi maka fatan alheri.

Kirtanin yana wurina. Ina tsaye ka yanke shi, kana juya baya na tsince shi daga cikin ɓawon.

Littafin shi ne na hoton. Na sani tun farko, domin ni na sauke shi daga ƙusa ranar da muka dawo daga binne ubanku. Na yi shiru ne don na san inda maganar za ta ƙare. Ga takardar shaidar, na sa hannu. Mota ko keke, wannan tsakaninka da Madam.

Kirtanin kuwa ba ya shiga gilashin kowa. Da na ce hannun mutum hannu ne kamar na kowa, na Tordeur nake nufi.

Ka zo ranar Lahadi, zan soya maka dankali. Zan nuna maka shi, amma a hannuna.

Mahaifiyarka,
Léontine Hanoteau