Idon Inna

Gumel, Lahadi da dare, 1996

Ashe duk gidan sun sani, ni kaɗai aka mayar bare.

Kwanakin baya ni da Yaya Sani muka kai Inna asibiti. A gabansa likita ya ce yanar ido ce ta rufe mata idon dama, ta dawo bayan Sallah a yi mata aiki a cire. Yaya har da cewa, "Allah Ya kai mu."

Yau na je gida Ɗanzomo na tarar da ita kwance, ta rufe fuska da mayafi. Idon ya kumbura ya yi jawur, sai ruwa yake zubarwa. Wai ran Alhamis Yaya ya goya ta a babur zuwa kasuwar Maigatari, wurin wani mai magani. Mutumin ya soka mata allura a gefen ido, ya tura yanar ciki. Nan take ta ga yatsunsa, jama'a suka yi ta kabbara. Yanzu ko hasken fitila ba ta gani da idon, mutumin kuwa ya tsallaka iyaka.

Na tare Yaya a zaure. Ko kunya babu ya ce, "Ke komai sai asibiti. Da mun gaya miki, ai da kin hana."

Zan ɗaga murya ke nan Inna ta kira ni. "Hajara, kada ki ga laifin yayanki. Ni na ce a ɓoye miki. Tsoron wuƙar likita nake ji."

Gobe da asuba zan mayar da ita asibiti, ban san da wane baki zan yi wa likita bayani ba.

Sabon zanin da na ɗinka mata don ranar aikin, shi ta ɗaura ta tafi Maigatari.