Alkakin Matar Durba

Zuwa ga Maman Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwancinki. Mu nan Rano lafiya lau muke, in aka cire gwiwar nan tawa da kika sani.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ke an sa ranar auren Ummi. Yaron ɗan cikin birnin Kano ne, yana da kunya, kuma ya riga ya gane ba a yi mini musu a kan tarihi. Da kin so shi. Kayan ɗaki ƙannenki sun ɗauke mini. Gara ce ta rage, kuma a nan ne rashinki ya fito fili. Kin san dangin miji, kafin su kalli gado sun buɗe fanteka, sun gutsiri alkaki, sun kalli juna. Ba na so wata ta tauna ta ce, “Ai marainiya ce, a yi mata uzuri.”

Ummi kuwa ta nuna mini wani abu a waya, wai shi kurwasan, burodin Faransawa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Ta ce yanzu a birni har da irinsa ake kaiwa. Na ce mata na karanta labarinsa tun ba a haife ta ba, ci ne dai ban taɓa yi ba. Kin sha faɗa mini yawancin ilmina haka yake.

Sai na shiga zagayen gidajen burodi. Na farko, mai gidan ya daɗe yana kallon hoton, ya ce abu ne mai sauƙi, in dawo gobe. Na dawo na tarar da burodinmu na kullum, an dai karya masa ƙugu. Na biyu ya ba ni donat a takardar jarida, mai ya jiƙa ta har ina karanta labarin baya ta gaba.

A garin Kibiya ne na samu kek na kirki, mai laushi, yana ƙamshin man shanu. Na ce a ba ni biyu. Sai da aka ɗaure a leda na tuna. Ban ce a mayar da ɗaya ba, kunya ta hana.

A nan na tambayi alkaki. Mai burodin ya yi dariya ya ce, “Malam, alkaki a gidan burodi? Ai wannan sai cikin gida, wajen mata.” Gaskiya ya faɗa. Duk wani abu mai daɗi a ƙasar nan yana bayan zauren da aka rubuta wa “ba shiga”, ni kuma ke ce mai shigar mini.

Gwaggon Ummi ta sa an aiko da wani daga Kano don in ɗanɗana. Igiya ce aka tsoma a sukari. Na yi godiya, na ce zan yi shawara.

Kowace sallah kikan dawo da kwanon alkaki ɗaure a ɗankwali, ki ajiye can saman kabad, ki ce, “Na matar Durba ne, na baƙi ne, kada in ga hannunka.” Kin sha ganin hannuna. Matar Durba, iyakar sunan da na san ta da shi ke nan.

Da shi na hau acaɓa har ƙauyen Durba. Ki kwatanta, mutum da furfurarsa ya tsaya gaban dattawa a gindin bishiya, yana neman matar wani, bai san sunanta ba, bai san na mijinta ba. Sun yi mini kallon da ya dace da ni. Sai da na ambaci alkaki fuskokinsu suka saki, ɗaya ya miƙe ya ce in biyo shi, ai gidansa nake nema.

Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya shiga, ya fito da ɗan faranti. Na gutsira. Zumar ta fara zuwa, tsamiyar ta biyo bayanta a hankali. Shi ne, Maman Ummi.

Sai na ji muryar tsohuwa daga cikin gida. Ta gaishe ni, ta tambayi hanya, sannan ta ce, “Ina Hajiyar? Shiru ba ta leƙo ba, na ce ko ta samu wata mai alkakin ne ta yar da ni.”

Ashe labari bai kai mata ba. Na ɗauka na gama faɗa wa mutane tun bara. Na faɗa mata, ina kallon farantin. Ta yi salati, daga baya na ji tana jan hanci. Mijin ya ɗaga hannu muka yi miki addu'a, aka yi mini ta'aziyya sabuwa kamar jiya aka kai ki.

Ta ce hannunta ya gaji, ta daina karɓar aikin biki. Amma na Ummi ita za ta yi, ko a zaune, da sharaɗin yarinyar ta zo da kanta ta zauna kusa da kasko ta gani. Ummi ta yarda, jibi zan kai ta. Fantekarta ba za ta nemi uzurin kowa ba.

Duk hanyar dawowa ina tsara yadda zan ba ki labarin dattawan nan, inda zan ƙara gishiri, inda za ki ce in daina ƙarya. Na iso Ummi tana gidan gwaggonta. Na yi sallama a tsakar gida, na ɗan jira.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba 'yarki zaman lafiya a ɗakinta. Ni kuma Ya ba ni haƙurin gidan nan bayan an kai ta.

Naki har kullum,
Baban Ummi