Gadar da Aka Yi wa Kwalliya

Kano, Yuli 1991

Kawu Hamman,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar unguwa.

Na gama auna gadar rafinmu ta hanyar Burumburum. Na gwada ƙarfin sumuntin, na duba tsatsar rodi, na haɗa da nauyin motocin da ke bin ta. Lissafi ya nuna ba za ta daɗe tana ɗaukar babbar mota ba. Manyana na wurin aiki za su zo su gani da idonsu kafin su yarda a gyara. Tsagar da na zagaye da jan fenti ita ce shaidata, don Allah kada kowa ya taɓa. Ka kuma hana Isa, mijin ƙanwata Luba, ƙetarawa da lodin masara a babbar motarsa.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Dikko

*

Dikko,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Baƙinka sun zo sun tafi. Amma wace irin tarbiyya ce mutum ya gayyato baƙi don ya nuna musu tsiraicin garinsu? Ranar baƙi ko akurkin kaji sharewa ake yi. Na kira gayya, muka liƙe tsagar da sumunti, muka shafe gadar da farar ƙasa. Babbansu da bakinsa ya ce tun daga Tudun Wada bai ga mai kyanta ba. Ba sai ka gode ba.

Allah ya shirye ka.
Kawunka, Mai Unguwa Hamman

*

Ƙanwata Luba,

Ina gaishe ki, ke da yara. Na karanta takardar Kawu, ya liƙe tsagar gadar kafin manyana su gani. An fasa gyaran, wai na cika zuzuta abu. An rufe gyambo da sabon zane, ruwa kuwa yana ta cin gindin gadar. Abin da ya fi ba ni ƙyama, an ce har goro Kawu ya raba don murna. Ki roƙi Isa ya riƙa zagayawa, komai nisa.

Sai na ji daga gare ki.
Yayanki, Dikko

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta wa Isa takardarka. Ya yi dariya, ya ce manyanka ma sun yaba, kuma shi da hannunsa ya kwaɓa sumuntin. Jiya an wuni ana ruwa. Yau da safe ya yi lodi har sama ya tafi ta hanyar gadar. Tun ɗazu mutane ke gudu zuwa rafi, babu wanda ya yarda mu haɗa ido.

Ka zo.
Luba