Robar Sandar Maame

Baban Ekua,

Na tafi asibiti da mahaifiyarka. Maame ta faɗi a ƙofar banɗaki bayan fitarka makaranta. Hannunta na dama ya kumbura, ko zani ba ta iya ɗaurawa.

Sandarta ce ta zame a kan siminti. Kwana uku ina ce maka robar gindin sandar ta cinye, ka sayo sabuwa. Jiya ka dawo hannu rabbana, wai duk kasuwa babu. Ɗazu na kira Anti Araba mai shago. Ta ce ka tsaya mata da jaka a hammata, wai "ferrule" kake nema, sunan robar da Turanci. Ta tambaye ka mene ne shi, ka ce mai sayar da abu ya kamata ta san sunansa, ka juya. Robar kuwa tana nan cike a leda, a rataye bayan kanta.

Na haƙura ranar da ka tsare baƙi kana koya musu sunan bakin igiyar takalmi har miya ta huce. Wannan ban haƙura ba.

Sandar tana kan ƙamus ɗinka. Kai wa Anti Araba, ka nuna mata gindin da yatsa, kada ka buɗe baki.

Daga can ka same mu. Idan likita ya ce karaya ce, sai ka gaya wa mahaifiyarka sunan ƙashin da Turanci. Na san ka sani.

Mansa