Duwatsun Murhun Baba

Turku, Afrilu 1978

Zuwa ga ƙanwata Tuovi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da mai gidanki Reijo. Ki isar da gaisuwata ga Inna, ta wajen kunnen da take ji da shi.

Wasiƙarki ta iso, na karanta, na sake karantawa kafin in ɗauki alƙalami. Abin da na fahimta shi ne, duwatsun murhun tsohuwar saunarmu, ɗakin wankan suracen nan na bakin tafki, sun farfashe, sun toshe hanyar wuta, hayaƙi ba ya ƙarewa ko an daɗe da buɗe taga, don haka kika hana Inna shiga. Kin yi daidai. Mace mai shekarunta ba ta da ƙirjin yin gardama da hayaƙi.

Amma batun Reijo ya sauke duwatsun ya jera sababbi, ban amince ba. Ba raini ba ne. A gidanmu ɗa ke karɓar jerin murhu daga hannun ubansa. Baba daga Kaka ya karɓa, ni kuma ya kama hannuna ya ɗora a kan kowane dutse, ya sa na yi masa alkawarin ba hannun da zai taɓa su bayansa sai nawa. Zan zo da zarar ɗalibai sun gama jarrabawa.

Kafin nan, a wanke benci da ruwan sanyi, a bi tsawon katako da burushi, domin ruwan zafi yana kulle dauɗa a cikin itace. Kada a kankare kunkunniyar bango, ita ke kare katakon, ita ke ba ɗakin ƙamshinsa. A bar ƙofa a buɗe ya sha iska.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Aulis

Kuikkaniemi, Mayu 1978

Yaya Farfesa,

Muna gaisuwa, muna lafiya, ban da wadda ba ta da ita.

Na gode da ka koya mini wankin benci. Ashe duk shekarun nan da nake durƙuso a kansa har gwiwoyina suka yi kanta, jiran takarda nake daga jami'a.

Ƙanƙarar tafki ta narke, ganye ya fara toho, Inna kuwa ta tayar mana da rigima. Ka san Reijo ya haɗa mana 'yar sauna ta lantarki a cikin gida bara. Na ce, "Inna, zo ki shiga wannan mana, zafi ai zafi ne." Ta leƙa, ta shaƙa, ta ce, "Wannan tandar gasa dankali ce. Ni a hayaƙi aka haife ni, a can na haife ku, ba zan ƙare a akwati mai waya ba."

Reijo ya ce, "To Inna, bari in jera miki duwatsun, dutse ai dutse ne."

Ta ce, "Kai dai ci gurasar kifinka ka yi shiru. Auren 'yar gida ba ya mai da mutum ɗan gida."

Ya ce, "Shekara ashirin ina faskara muku icce, har yau baƙo nake?"

Ta ce, "Baƙo mai ƙoƙari. Aulis zai zo."

Muka yi dariya, amma Reijo bai ƙarasa kofinsa ba.

Ga maganar da ba ta dariya ba. Likita ya duba ta, ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, kada mu yi dogon shiri. Ita kuma abu ɗaya take nema a duniya, ta hau bencin nan ta sha surace da sabon damin ganyen da ake bubbuga jiki da shi kafin bikin tsakiyar bazara. Ba za ta shiga ba sai kai ka jera, ni kuma ba zan bari ta shiga a haka ba. Ka ga ke nan ku biyun kun sa ni a tsakiya kamar hatsi a dutsen niƙa.

Jarrabawar nan taku ba ta ƙarewa ne? Ka zo.

Tuovi

Turku, Yuni 1978

Zuwa ga ƙanwata Tuovi,

Bayan gaisuwa da fatan Inna ta sami sauƙi.

An gama jarrabawa. Ba zan fake da ita ba, domin kin fi ƙarfin a yi miki haka.

Akwai maganar da ban saba faɗa ba, kuma zan taƙaita. Kin san a kan wane benci Baba ya cika, kin san wanda ke zaune a gefensa. Na ɗauka ya jingina da bango ne don jin daɗin zafi, na ci gaba da yi masa magana. Tun daga ranar ban sake tsallaka dokin ƙofar ɗakin nan ba. Duk zuwan da nake yi, ina cewa mura nake, ko kaina ke ciwo, kuna barina. Ban sani ba ko kun yarda ne, ko kun yi mini kara.

Makon jiya na je tashar jirgin ƙasa da jakata. Na tsaya har jirgin ya tashi, na dawo gida.

Ina roƙon ki ba ni zuwa farkon Yuli. Ganye ba zai tsufa kafin nan ba. Ki gaya wa Inna ina tafe, kuma gaskiya ce. Ina kuma sake roƙo kada a taɓa duwatsun. Alkawari ɗaya na taɓa yi wa Baba da bakina, ba na so ya karye a hannun wani.

Ki gaishe da Reijo, ki ce masa ban manta iccen da yake faskarawa ba.

Yayanki,
Aulis

Kuikkaniemi, Yuli 1978

Aulis,

Gaisuwa. Ina fata ka isa gida lafiya.

A wurin jana'iza ka tsaya a bayan coci kamar turken shinge, ka sha kofi, ka yi wa fasto godiya, ka bi jirgin yamma. Ba ka tambaye ni komai ba, to ni zan gaya maka.

Ana jajiberin biki ta sa Reijo ya yanko mata ganye. Da hannunta ta ɗaure dami biyu, ɗaya nata, ɗaya naka. Nata ta ajiye a gefen matashi tana shaƙa. Duk motar da ta wuce a hanya sai ta ce, "Tuovi, leƙa." In leƙa in ce mai madara ne. Ta ce, "To, gobe." Ranar Talata da safe na kawo mata kofi, na tarar ta riga ta tafi, ganyen na kan ƙirjinta.

Ka san abin da ta daɗe tana faɗa, a sauna aka wanke uwarta, a can za a wanke ta. Gawa ba ta jiran Yuli. Na shiga na rushe murhun da hannuna. Reijo ya miƙo hannu zai taya ni, sai ya janye, ya ce, "Ta ce ni baƙo ne, bari in tsaya a matsayina." Shi ya riƙa ɗebo mini duwatsu daga bakin ruwa yana ajiyewa a ƙofa. Na jera yadda na ga dama, ba wanda ya taɓa kama hannuna ya nuna mini. Hayaƙin ya yi ɗaci. Ni da matan da suka taya ni wanka duk muka fito ido jajur, ba mai tambayar wata ko hayaƙi ne.

Ta dai hau bencinta, Yaya. A kwance.

Wasiƙarka ta ƙarshe kuwa na karanta, ban karanta mata ba. Bencin da ya kore ka daga tasha, ni na wanke shi washegarin rasuwar Baba. Ni nake wanke shi kowace Asabar tun daga ranar. Ba wanda ya tambaye ni ko zan iya shiga.

Daminka na rataye a ƙusa, ya bushe.

Tuovi

Tsohon gida, bakin tafki, Agusta 1978

Zuwa ga ƙanwata Tuovi,

Gaisuwa gare ki da Reijo. Mai madara zai miƙo miki wannan.

Ina nan tsohon gida tun ranar Litinin. Ina hango hayaƙin girkinki ta tsallaken gona, amma ban ga dacewar in ƙwanƙwasa miki ƙofa ba sai da izini.

Na shiga ɗakin. Na daɗe a bakin ƙofa, amma na shiga. Na wanke benci, na sama da na ƙasa, na share toka, na wanke bokiti da ludayi na kife. Na ga damin a ƙusa, na bar shi a inda yake.

Na duba jerinki. Ƙananan duwatsu sun yi yawa a ƙasa, sun matse, wuta ba ta samun hanya, shi ne dalilin ɗacin hayaƙin. Ban faɗi haka don gyara ba. Ban ɗaga ko tsakuwa ba. Na tsinto baƙaƙen duwatsu masu kyau a gaɓar arewa, inda Baba ke tsinta, suna tare a bakin ƙofa.

Abin da nake nema shi ne wannan. Ranar Asabar mu sauke murhun tare, mu jera tare, in nuna miki abin da aka nuna mini, Reijo ma ya gani. Da ma tun farko ku ya kamata a nuna wa. In ɗaki ya yi zafi, ke za ki fara shiga, maza su bi baya, ko da yake ba haka gidanmu ya saba ba.

Ba ni da wani wuri a duniya da na iya zama kusa da ɗan'uwa ban da wannan ɗaki. Ina jiran amsarki.

Yayanki,
Aulis

Kuikkaniemi, Juma'a

Yaya,

Gaisuwa. Na leƙa da safe ba ka nan, benci ya wanku.

Kada ka taɓa duwatsun. A kansu aka ɗumama ruwan Inna, kuma ina cikin wanke ta na yi mata alkawari ba hannun da zai taɓa su sai nawa. Kai ka fi kowa sanin nauyin alkawari.

In za ka tafi ka bar ƙofa a buɗe, ɗakin ya sha iska.

Ka sauka lafiya.

Tuovi