Atamfar Kirsimeti Ta Kwana a Shago

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jikinki, yaya maigida da yara, yaya Legas? Mu nan Kafanchan sai godiya.

Da kika ce mini bana launin ruwan lemo za a yi yayi, na yarda, don nima haka na hango. Na cika shago da shi tun kafin a fara haƙar citta.

Sai 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu. Mama ta tsira, tana wurina. Tun ranar duk wadda ta shigo shago, baƙin yadi take nema.

Jiya Saratu maƙwabciyarmu ta zo. Ita ce ta zaɓi ruwan lemon don ankon bikin ɗanta Bitrus, shi kuwa yana cikin waɗanda muka binne. Ta shafa atamfar, ta ce, "Tabita, ajiye wa mai rabo. Yanko mini baƙi." Ita ta riƙe mini yadin har na gama.

Mai kawo mini kaya yana tambayar kalar Ista. Na ce masa ban sani ba.

Ku sa mu a addu'a. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Tabita