Kiyashin bayan ɗakinmu

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, ina sanar da ke na gama makarantar lafiya bana, an turo ni asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Ajingi.

Ranar awon yara aikina ɗora su a sikeli da duba idanunsu. Na roƙi shugabana ya bar ni in ƙara tambaya ɗaya ga iyaye mata: ko yaro na yawan shan ruwa da fitsari, yana ramewa. Idan uwa ta ce e, sai in ɗiga fitsarin cikin wani shuɗin ruwa, in dafa a kan wuta. In ya koma ja, akwai sukari.

Kin san dalilina. Kin tuna Habu, autanki, a gidanmu na Gaya, yadda yake kwana a gindin randa. Da ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, gwaggo ta ce a hana shi ruwan yamma, Baba ya sayo zuma don ya yi ƙwari. Kullum da safe kina share kiyashi a bayan ɗaki inda ya tsuguna, kina cewa, "Yaron nan, har kiyashi son sa suke."

Ba a gwada Habu ba, don haka ba zan ce tabbas ciwon sukari ne ya ɗauke shi ba. Alamomin dai sun yi daidai da abin da aka koya mana.

Makon jiya an kawo Hajara daga Gafasa, ba ta fi shekarunsa ba. Ruwan ya yi ja. Na sake gwadawa don kada ya zama kuskurena ne, ya sake yin ja. Mahaifinta ya ce sai an gama cirar gyaɗa za su je Kano. Na ce masa allurar da take bukata ba mu da ita, kuma jikinta ba zai jira gyaɗa ba. Sai na ba shi labarin Habu.

Sun hau motar Kano ranar kasuwa, uwar na rungume da butar ruwa. Na ce a ba ta duk sanda ta nema. Har yanzu ban ji labari ba, Innata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sada ki da Habu, Ya dawo da Hajara gida da ƙafarta.

Ɗanki mai kewarki,
Yakubu